Yadda ake tafiyar da aikin injinan sanyi, dizal da kashe gobara a cibiyar adana bayanai a Gombe

Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Idan manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, waɗanda ake kira sabar, suna shan kilowat 50, to kilowat 50 na zafi suke zubawa cikin ɗakin dare da rana, babu Juma'a babu Sallah. Da injin sanyi ya tsaya, cikin 'yan mintuna za su fara kashe kansu don gudun ƙonewa, sai ka ji ana cewa babu netwok a banki, ko an kasa buɗe fayil ɗin majinyata a asibiti.

Manyan cibiyoyin adana bayanai na ƙasar nan galibinsu a Legas suke, sai irin na Galaxy Backbone da ke Abuja da Kano. Abin da ke zuwa hannun injiniya a Gombe ƙanana ne da matsakaita: ɗakin sabar na ma'aikata ko jami'a, ɗakin na'urorin kamfanin waya, ɗakin tiyata, ɗakin ajiye alluran rigakafi. Amma ƙanƙantarsu ba ta sa a yi musu aiki irin na gidan haya. Ga yadda nake ganin ya kamata wanda aka ɗora wa kula da ɓangaren injina, wato sanyi da bututu da man janareta da kashe gobara, ya tafiyar da aikin.

Da farko, zauna da mai aiki

Tun kafin ka buɗe zane, ka samu mai aikin, wato mai wurin da zai biya kuɗi, ka yi masa tambaya ɗaya: "Yallaɓai, idan wurin nan ya tsaya, minti nawa za ku iya jurewa?" Yawanci zai ce ko ɗaya. Sai ka nuna masa kuɗin ko ɗayan.

Cibiyar Uptime ta Amurka ta kasa irin waɗannan wurare mataki huɗu. A mataki na 3, ana iya kashe kowane inji ko rufe kowane bututu don gyara ba tare da an taɓa kwamfutoci ba. A mataki na 4, ko wani abu ya lalace ba zato, aiki ba ya tsayawa. Kowane mataki yana nufin ƙarin inji, ƙarin bututu, ƙarin fili. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi a kowane wuri mai muhimmanci shi ne abin da injiniyoyi ke rubutawa N+1: adadin injinan da ake bukata, da ƙarin guda ɗaya a tsaye yana jira. Abin da kuka amince a kai, a rubuta shi a shafi biyu ko uku, mai aiki ya sa hannu. Duk gardamar da za ta taso nan gaba, wannan takarda ce alƙali.

A zaman nan ne kuma za ka faɗa masa cewa ranar da za a ƙirga aiki ya ƙare ita ce ranar da aka ci gwajin ƙarshe, ba ranar da babban baƙo zai zo yanke zare ba. Daga ranar gwajin za ka ƙirgo baya ka tsara komai.

Lissafin zafi, da yanayin garinmu

Ɗauki misali: kabad goma da ake jera sabar a ciki, kowanne yana shan kilowat 5, jimla 50. Ƙara zafin da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfutoci in an ɗauke wuta, ke fitarwa, da fitilu, da wanda ke ratso bango da rufi, mu ce ya kai 60. Iyakwandishan da ake ce wa hos ɗaya da rabi a kasuwa yana cire kimanin kilowat 3.5 ne, ke nan za ka bukaci wajen 17 irinsa. A nan ne wani zai kawo shawarar a sayo su a jera a bango, tunda sun fi araha. Kada ka yarda. An ƙera na gida ne don jin daɗin mutum, yana ɓatar da wani kaso na ƙarfinsa wajen tsotse laima daga iska, kuma ba a yi shi don ya yi shekara yana juyi ba hutu ba. Ɗakin sabar busasshen zafi yake fitarwa, yana son inji na musamman mai tura iska da yawa. A misalinmu, uku masu kilowat 30, biyu na aiki ɗaya na jira, suna karɓa-karɓa duk mako don kada na jiran ya sandare.

Sai dai kilowat 30 ɗin da ke jikin takardar kamfani, a wane zafi aka auna shi? Galibi ana auna inji ne da zafin waje digiri 35. Wanda ya san Gombe a Maris da Afrilu ya san ana haura 40, kuma a kan rufin kankare da rana tsaka abin ya fi haka. Zafin waje na ƙaruwa, ƙarfin inji na raguwa, wani ma ya yanke gaba ɗaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Don haka ka sa mai sayarwa ya ba ka a rubuce abin da injin zai iya a digiri 46, wanda shi ne ma'aunin da ake gwada injinan ƙasashe masu tsananin zafi da shi. Da wannan adadi za ka yi lissafi. A ciki kuwa, ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta ASHRAE ta ba da shawarar iskar da ke shiga gaban sabar ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Babu dalilin mayar da ɗaki firiza; asarar dizal ce kawai.

Hunturu na da nasa. Ƙurar hazo tana toshe ragar injin waje, tana cika matatar iska. Iskar kuma tana bushewa ƙwarai, har ka taɓa ƙarfe ka ji ya ɗan ja ka, kuma wannan ɗan jan ya isa ya lalata na'ura. Saboda haka a zane ka nemi abubuwa uku: ɗaki a toshe ruf ba taga, ƙaramar fanka mai matata da ke tura tsabtatacciyar iska ciki don ƙura ta kasa kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, da na'urar ƙara laima. Kusa da injinan waje a ja famfo, don wankin raga zai zama aikin kowane mako daga Disamba zuwa Fabrairu.

Game da tsarin da ke sanyaya inji ta hanyar ƙafewar ruwa, ra'ayina a Gombe a bar shi sai dole. Kowane kilowat na zafi yana ƙafar da kimanin lita ɗaya da rabi a awa, ke nan ƙaramin ɗakin misalinmu ma zai sha fiye da lita 2,000 kullum. Garin da ya dogara da ruwan Dadin Kowa da motocin tanka ba wurin da za ka ɗaura rayuwar kwamfutoci a kan zuwan ruwa ba ne. Injinan da iska ke sanyayawa sun fi shan wuta, amma sun fi kwanciyar hankali.

Oda da jadawali

Siminti na nan kusa, Ashaka ba nisa. Bulo, rodi, yashi, duk ana samu. Abin da ke kashe jadawali shi ne kayan da za su tsallako teku: injinan sanyi, tukwanen gas na kashe gobara, manyan bawul, wani lokaci janareta. Ƙera su kaɗai kan ɗauki watanni, ga jirgin ruwa, ga takardun shigo da kaya na Form M da SONCAP, ga kwastan, sannan tirela ta ɗauko daga Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000. Makon farko na aiki ka fitar da jerin waɗannan kaya, ka tura takardun bayanansu ga injiniyan da ya yi zane ya amince, a biya kafin alƙalami. Farashin da aka ba ka yana da wa'adi, kuma da dala aka lissafa shi. In aka yi jinkirin sa hannu, sabon farashi za a kawo.

Cikin jadawalin ka sa abin da kowa ya sani amma ba a rubutawa. Ruwan Agusta zai hana walda da ɗora kaya a rufi. Da azumi aikin ƙarfi na safe ne da bayan sha ruwa, kuma makon Sallah ka ɗauka babu kowa. Motar ɗaga kaya mai ƙarfin kai inji saman bene ba kullum ake samunta a gari ba, sau da yawa sai an ɗauko daga wani wuri, don haka a kama rana tun da wuri, a kuma duba ko za ta iya shiga harabar ba ta taɓa wayar wuta ba.

Ranar da kaya suka iso, kada direba ya tafi sai an buɗe a gabansa. Duba lambar kowane inji da ta takardar oda, duba ko an kwantar da abin da aka ce a bar shi tsaye, ɗauki hoto. Injin da ya sha jijjiga a hanya a bar shi tsaye kwana guda kafin a kunna, mai ya koma mazauninsa. Sannan a ajiye a sito mai rufi, bakin kowane bututu a toshe.

Wa zai yi aikin, kuma a kan wane zane

Zanen injina ya zama injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN ne ya sa masa hatimi. Ɗan kwangila kuwa kada ka tsaya ga takardun kamfani. Ka ce ya kai ka wurin da ya yi irin aikin, ka yi magana da mai kula da wurin shi kaɗai. Mai walda ka ba shi guntun bututu ya haɗa a gabanka, a yanka a duba ciki.

Kafin a huda bango ko ɗaya, ka tara mai wuta, mai sanyi, mai gobara, mai wayoyin netwok da birkila a tebur guda, a ɗora zanensu a kan juna. Nan za ka ga hanyar wayoyi ta bi ta inda bututu zai bi, ko ƙofa ta fi inji ƙanƙanta. Ƙa'idojin da ba a sassautawa: babu bututun ruwa a saman kabad, babu banɗaki a saman ɗakin, kuma kowane inji a bar masa filin da mai gyara zai tsaya ya zare matata. Kabad ɗin a jera su gaba na kallon gaba, baya na kallon baya, layin sanyi daban layin zafi daban, a toshe duk gurbin da babu sabar don kada iskar biyu ta gauraya.

Umarni kuma a rubuce. Oga zai kira ka ko ya turo saƙon murya ta WhatsApp ya ce a matsar da kaza. Ka amsa da ladabi, ka ce "To ranka ya daɗe, zan turo takarda a sa hannu," ka rubuta abin da canjin zai ci na kuɗi da kwanaki. Kowace safiya minti goma da foman-foman a tsaye, kowane mako zama guda da rubutaccen bayani.

Bututu, inda aiki ke lalacewa a ɓoye

Wannan ne wurin da za ka fi daɗewa a tsaye, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya nunawa sai bayan wata shida, lokacin da kwamfiresa, wato zuciyar injin sanyi, ta ƙone.

Bututun jan ƙarfe na gas ɗin injin sanyi: yayin da ake haɗa shi da wuta, dole a riƙa busa naitirojin a hankali ta cikinsa. In ba haka ba, baƙin ɓawo na taruwa a ciki, daga baya ya ɓare ya toshe bawul. Masu aiki da yawa ba sa son wannan saboda kuɗin tukunya, za su ce maka "Haka muke yi kullum, Injiniya." Ka ce a wannan aikin ba haka za a yi ba, kuma ka sa a yanko gaɓa ɗaya da ka zaɓa da kanka a duba. Bayan haɗi, a cika da naitirojin zuwa matsin da kamfanin injin ya faɗa, a rubuta abin da geji ya nuna da zafin wannan lokaci, a bari awa 24. Sai a zuƙe iska da laima da injin zuƙa har ma'aunin iskar da ta rage a bututu ya sauka ƙasa da maikiron 500, a rufe a ga ko zai tsaya. Gejin hannu na gama-gari ba ya iya nuna wannan. Sai da ma'auninsa na musamman. Gas kuma a kan sikeli ake zuba shi, gwargwadon tsawon bututu, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba. Ka sayo shi daga dillalin da kamfani ya sani, domin jabun gas na yawo a kasuwa. Tsawon bututu da tazarar hawa tsakanin injin ciki da na waje suna da iyaka a littafin inji. A auna da tef.

Idan tsarin na ruwan sanyi ne mai bututun ƙarfe, a gwada shi da ruwa a matsin da ya ninka na aiki sau ɗaya da rabi, a wanke cikinsa har ruwa ya fito garau, a buɗe kowace rariya a zubar da ɓurɓushin walda, sannan a zuba maganin hana tsatsa. Yayin wankin a kewaye injinan, kada dattin ya bi ta cikinsu. Kada a naɗe gaɓa da soson riƙe sanyi sai an gama gwaji ka sa hannu. Naɗin kuma ya rufe ruf ba kafa, in ba haka ba da damina bututu zai yi ta zufa yana ɗiga.

Bututun zubar da ruwan da inji ke tsotsowa shi ne wanda kowa ke rainawa. A ba shi gangara, aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, ka zuba bokitin ruwa da hannunka ka je ka ga ya fita. A ƙasan injina a shimfiɗa igiyar da ke kaɗa ƙararrawa idan ta jiƙe.

Janareta da mansa

Gombe na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma ba mu manta da Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe aka daɗe cikin duhu. A nan janareta ba na ko-ta-kwana ba ne, shi ne uwa da uba. Ƙa'idar Uptime ta ce a ajiye man awa 12 a wurin. Ni zan ce ka yi lissafin kwanaki, gwargwadon yadda motar dizal ke iya jinkiri.

Babban tanki a kewaye shi da katangar kankare da za ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da ke ciki in ya fashe. Injin tura mai zuwa ƙaramin tankin da janareta ke sha daga ciki ya zama biyu. Bututun dizal baƙin ƙarfe ake sawa, ba mai farin shafi irin na ruwa ba, domin dizal na cin shafin ya kai shi cikin inji. A sa matatar raba ruwa da mai, da wurin tsiyaye gindin tanki. Janareta ma zafi na rage masa ƙarfi, don haka a nemi adadinsa a zafin bazara. Ka tsaya ka dubi inda hayaƙinsa da iskar lagiretonsa za su nufa. In suna bugun injinan sanyi na waje, ka haɗa wa kanka Afrilu na dindindin.

Akwai wata tazara da ake mantawa. In aka ɗauke wuta, UPS na riƙe kwamfutoci nan take, janareta ya tashi cikin daƙiƙoƙi, amma kwamfiresa sai ta jira wasu mintuna kafin ta sake kamawa. A tsakanin nan kwamfutoci na ta zuba zafi. Ka tabbata injinan na tashi da kansu ba sai an danna ba, suna tashi ɗaya bayan ɗaya don kada su danne janareta, kuma fankokin ciki, in da hali, suna kan UPS.

Gobara

Ba a fesa ruwa ko hoda a kan sabar in da yadda za a yi. Gas ake saki, irin su FM-200, wanda ke cika ɗaki cikin daƙiƙa 10, kuma ana so ya zauna minti 10. Ba zai zauna ba in ɗakin na yoyo, shi ya sa ake kafa fanka a ƙofa a auna yoyon. Kowace huda da waya ko bututu ya bi a toshe ta da abin da wuta ba ta ci, a kuma sa mafitar matsi don kada sakin gas ya tsage silin. Ƙararrawa ta fara kaɗawa mutane su fita, fankar iskar waje ta tsaya, sannan gas ya fita. A gwada wannan jeri da kan tukwanen a cire, don kada gas ya fita da gaske.

In wurin yana aiki kake gyara

Sauya inji a asibiti ko banki da ke aiki ya fi gina sabo wuya. Kowane aiki a rubuta shi mataki-mataki: bawul ɗin da za a rufe, wanda zai rufe, abin da za a yi in abu ya ƙi, da lokacin da za a haƙura a mayar da komai yadda yake. Mai kula da wurin ya sa hannu. Makunnin da aka kashe a sa masa kwaɗo, makullin a aljihun wanda ke yin gyaran. A kawo injin sanyi na wucin gadi a kunna shi tukuna. Walda sai da takardar izini da abin kashe wuta a kusa, wani kuma ya zauna gadi aƙalla awa ɗaya bayan an gama. Yanka da gurza duk a waje.

Gwajin ƙarshe

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ta, kowane inji an riga an duba shi shi kaɗai: juyin fanka, wutar da yake ja, yawan iska, ƙararrawarsa. Ɗakin an share shi an goge, an sa sababbin matatu, domin waɗanda suka sha ƙurar gini sun gama aiki.

Sabar ba ta iso ba tukuna, kuma bai kamata a yi gwaji da ita ba. Ana hayar hitocin gwaji ne, a jera su inda kabad za su zauna, su fitar da zafin da aka yi lissafi. A fara da rubu'i, a je rabi, a kai cikakke, a bar shi ya yi sa'o'i masu yawa ana rubuta zafi a gaban kowane layi, sama da ƙasa. Daga nan sai a fara ɓarna da gangan. Kashe injin sanyi ɗaya, ka ga ko na jira ya tashi, cikin minti nawa, zafi ya kai nawa kafin ya sauko. Mayar da shi, kashe na gaba. Kashe injin tura mai. Jiƙa igiyar yoyo. A ƙarshe, mai aiki na tsaye, a ja babban makunnin wutar gari a bar komai ya ceci kansa, ba mai taɓa komai. Sannan a dawo da wutar a ga yadda zai koma.

Za a matsa maka ka taƙaita wannan, musamman in an riga an buga katin gayyata. Wani abu kuma zai faɗi a gwajin, kusan ko da yaushe. Amfaninsa ke nan. A rubuta, a gyara, a maimaita wannan gwajin daga farko.

Miƙa makulli

Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an kawo zanen yadda aka gina a zahiri, littattafan injina, sakamakon kowane gwaji, takardun garanti, da kayan gyara na shekara guda: matatu, bel in akwai, fis, tukunyar gas ɗin injin sanyi. Kowane bawul da makunni a rataya masa lamba da ta dace da zane. Masu aikin dare su ma a koya musu, da Hausa in ita suka fi ji, kowa ya kashe ya kunna da hannunsa, a manna lambobin waya a bango. A ƙulla yarjejeniyar kula da injina da wanda zai iya isowa Gombe cikin sa'o'i, a rubuta sa'o'in.

In gwajin ya faɗo a Disamba ko Agusta, lokacin da gari ke da sanyi, ka sa a cikin kwangila cewa za a sake shi a Afrilu da ƙarfe biyu na rana, kuma wani kaso na kuɗin da aka riƙe ba zai fita ba sai bayan an yi shi.